Dangwalen Kuturu: Yadda Rabon Nakasassu Ya Yi Nisa da Ƙasar Gobir

Ranar da na kai Kawu a ɗauki zanen yatsunsa mun bar Unguwar Lalle tun da jijjifi, domin a 'yan shekarun nan babu mai son la'asar ta riske shi a kan hanyar Sabon Birni. Cikin bazarar 2024 ne. Labari ya iso mana cewa tallafin kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi wa talakawa alkawari ba zai shiga hannun kowa ba sai mai lambar shaidar ɗan ƙasa ko lambar banki, Kawu kuwa ba shi da ko ɗaya. Muka tarar da shagon da ake rajistar maƙil da jama'a, muka jira har rana ta take. Da layi ya zo kanmu, yaron da ke gaban kwamfuta ya ce, ko ɗago kai bai yi ba, "Baba, ɗora yatsunka huɗu a nan." Kawu ya zaro hannayensa daga cikin riga ya ɗora a kan gilashin. Kuturta ta cinye yatsun tun yana saurayi. Abin da ya rage dungulmi ne mai santsi, sai guntun babban yatsa a hagu. Yaron ya dubi hannun, ya dube ni, ya goge gilashin da gefen rigarsa kamar laifin ƙura ne, ya sake gwadawa har sau uku. Daga ƙarshe ya ce shi dai na'urarsa ba ta gaba sai ta ga yatsa, mu gwada Sakkwato.

Da muka fito Kawu ya zauna gindin wata dalbejiya ya yi dariya mai isarsa. Ya ce, "Ɗana, bar wahal da kanka. Tun zamanin En'e anka rubuta ni cikin waɗanda ba a bi haraji, kuma ba wanda ya nemi yatsana. Yau da anka ce za a ba ni, shi ne anka ce in kawo yatsa."

Wannan magana ce ta sa ni bin sawun al'amarin zuwa baya. Abin da na gano shi ne, cikin shekaru ɗari biyu rabon nakasasshe ya yi ta girma a bisa takarda, yana kuma ta nisa da shi a bisa ƙasa, har aka wayi gari shi mai raunin ne ke ɗauke da nauyin tabbatar wa hukuma cewa yana duniya. Zan kira mutane da sunayen da Kawu ke kiran kansa da 'yan'uwansa. Na san yanzu a rediyo "masu buƙata ta musamman" ake cewa, kuma da kyakkyawar niyya ake faɗa, amma ban taɓa ganin an kira Kawu da wannan suna ya waiwaya ba. Tarihin da zan bayar na makafi ne da guragu da kutare da kurame.

Sai an san ƙasar kafin a fahimci nisan. Mu a bakin iyaka muke tun kafin Bature ya ja layinsa. Kufan Alƙalawa, birnin sarakunan Gobir wanda ya faɗi hannun masu jihadi a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, yana nan yankinmu a kwarin Gulbin Rima. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daular Sakkwato kuma ta dogara da garuruwan tsaro irin su Isa da Lajinge domin tare su. Daga baya, a tsakiyar ƙarnin, wani ɗan sarautar Gobir, Ɗan Halima, ya ɓalle daga Tsibiri ya kafa Sabon Birni, ya yi amana da Sakkwato. Kusan ƙarni guda ke nan ana hari ana ramuwa a kan gonakin da muke nomawa yau. Ƙasa irin wannan ba ta rasa mai ƙafa ɗaya da mai ido ɗaya, ga kuma agana da ciwon ido da kuturta suna nasu aikin ba tare da takobi ba. Ba banza ba ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da hidimar mulki da yaƙi, ya zauna ya yi rubutu a kan maganin ciwon ido.

To, wa ke ɗaukar nauyin waɗannan mutane a wancan zamani? Farko dai gida ne, domin a gandu ake noma, a kuma tukunya guda ake tuwo. Bayan gida sai zakka. Shugabannin jihadi sun yi suka mai zafi ga kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke karɓa ba bisa shari'a ba, kamar yadda Shehu Usmanu ya jera su a cikin Kitabul Farƙi, suka kuma tsayar da zakka a matsayin haƙƙin da Alƙur'ani ya ware wa rukuni takwas, fakirai da miskinai a kan gaba. Da kaka ta yi, dami ɗaya cikin goma na fita daga gona ya shiga hannun mai gari. Ba zan yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba: wani kaso na wucewa sama zuwa ga masu sarauta, kuma tun da can hatsi ya san hanyar rumbun mai ƙarfi. Amma abu guda ba a musunsa. Mai rabon ya san makahon garinsa da fuska, ya san ubansa, ya san shekarar da idon ya rufe. Babu fom, domin babu abin da fom zai gaya masa wanda bai sani ba.

Akwai kuma wata hukuma da na ga masu rubutu a kan walwalar jama'a na yawan tsallakewa, wataƙila don kunyar kalmar bara. A manyan garuruwan ƙasar Hausa makafi na da sarkinsu, kutare na da nasu, guragu ma haka, kuma sarauta ce ta gaskiya mai rawani, wadda fada ta san da ita. Sarkin Kutare ne ke karɓar baƙon kuturu ya ba shi masauki, shi ke raba sadakar da attajiri ya aiko, shi ke sasanta rigima, ya tsaya a ɗaura aure, ya tsaya a yi jana'iza idan masu lafiya sun ja baya. Makafi kuwa sun riƙe wata sana'a da ɗaliban adabi suka fi kowa sani, wato rera waƙoƙin bege da na wa'azi ƙofa-ƙofa. Daga cikin makafin ƙasar Hausa ne aka sami Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Wannan tsari ya ciyar da mutane, ya ba su jama'a da murya a gaban sarki. Ya kuma ɗaure su da ƙoƙon bara, ya koya wa kowa, har su kansu, cewa abin da ke hannun nakasasshe alheri ne aka yi masa, ba haƙƙinsa ba. Dukansu biyu gaskiya ne, kuma Kawu, wanda ya yi cin rani yana bara a Sakkwato shekaru da dama, yakan faɗe su a zama guda.

Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Abu biyu suka yi da suka shafi zancenmu. Na farko, su da Faransa suka yanka ƙasar Gobir biyu ta yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, Tsibiri da Madawa suka faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa na Ingila. Muka tashi daga zama tsakiyar ƙasarmu muka koma gefen ƙasar wasu. Na biyu, suka haɗe kuɗaɗen da talaka ke biya, har da zakkar hatsi, cikin haraji guda da ake biya da tsabar kuɗi ya shiga baitulmalin En'e. Daga baitulmali ake biyan albashin sarakuna da alƙalai da dogarai, ake gina kurkuku da hanya, Gwamnatin Turawa kuma ta ɗauki nata kaso. Damin miskini ya narke a cikin wannan lissafi. Wanda ya ga dama ya ci gaba da fitar da zakkarsa tsakaninsa da Ubangijinsa, amma fa bayan ya biya haraji, kuma bayan haraji sau da yawa ba a rage komai ba.

Abin da ya rage wa nakasasshe a wajen hukuma shi ne yafiya. Malamin haraji ya zo ƙidaya, hakimi ya nuna masa makaho da kuturu da tsohon da ya kasa, a cire su daga masu biya. Wannan ne karo na farko da gwamnati irin ta zamani ta rubuta nakasasshe a littafinta, kuma ta rubuta shi ne a matsayin wanda ba za a sami komai daga gare shi ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. Shaidar hakimi kaɗai ta isa a yafe wa mutum 'yan sulalla. Ba a nemi likita ba, ba a nemi hoto ba. Ashe hukuma ta iya yarda da bakin mutanen gari idan ta so.

Magani kuwa ta wata ƙofa ya shigo. A ƙarshen shekarun 1930 gwamnati ta miƙa wa mishan ɗin SIM wuraren jinyar kutare na larduna uku: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a kudu da Sakkwato. En'e ke ba da kuɗi, 'yan mishan ke aiki, sarakuna kuma na sa ido don gudun kada magani ya zama hanyar sauya addini. Asibitin ido na Kano, wanda shi ma SIM ta buɗe a 1943, da makarantar makafi ta Gindiri ta 1953, duk daga wannan jijiya suka fito. A shekarun 1950 ƙwayar dafson ta iso, kuturta ta zama ciwon da ake warkewa. Kawu ya isa Amanawa bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru, a kan jaki, mahaifinsa na tafe a ƙasa. Ya warke, har yau yana sa wa ma'aikatan wurin albarka. Amma ya isa a makare, yatsun sun riga sun tafi, kuma dalilin makararsa shi ne nisa da tsoron abin da za a ce a gari. Tun daga lokacin aka aza harsashin abin da muke ciki: taimako yana nan, na gaske ne, amma yana can, kuma mai rauni ne zai tashi ya same shi. Mutanenmu da dama ma sun fi ganin kusancin Danja ta wajen Maraɗi ko asibitin Galmi, duk da cewa a wata ƙasa suke.

Shekarun da suka biyo baya ba su da dogon labari. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, mulki ya tashi daga fadar uban ƙasa ya koma sakatariya. Haraji ya gushe, yafiyar da ke tare da shi ta gushe. Aka buɗe ofisoshin walwalar jama'a, a kan raba keken guragu ko keken ɗinki ranar wani biki a ɗauki hoto. Fari na 1973 da yunwar 1984 suka karya gandu, samari suka bazu cin rani, gidan da a da ke riƙe makaho ya koma da ƙyar yake riƙe kansa. Tashoshin mota da ƙofofin masallatan Juma'a suka cika.

Saboda haka ba ƙaramin abu ba ne da Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko, ba da daɗewa da hawansa mulki a 2007 ba, ya yanka wa nakasassun Jihar Sakkwato alawus na naira 6,500 kowane wata. A daidai wannan lokaci Sule Lamido ya yi irinsa a Jigawa da naira 7,000. Dole a yaba, domin a tarihin yankinmu wannan ne karo na farko da gwamnati ta ce za ta ba nakasasshe kuɗi a kai a kai don kawai shi ɗan ƙasa ne mai rauni. Kuɗin kuma ba na wasa ba ne a lokacin: mafi ƙarancin albashi a ƙasar bai wuce naira 7,500 ba. Na ga abin da ya yi a garinmu da idona. Wani makaho maƙwabcinmu ya ajiye ƙoƙon bara ya sayi awaki biyu, ya sa 'yarsa, wadda ita ce 'yar jagorarsa, a makaranta. Masu iya magana sun ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano. A shekarun nan na ga ma'anar karin a fuskar mutanen da suka fara shiga kasuwa suna taya kaya.

Sai dai a zo ga lissafi. Waɗanda ke cikin tsarin ba su kai 7,000 ba a duk faɗin jiha mai ƙananan hukumomi 23. Idan aka raba daidai, kowace ƙaramar hukuma ta tashi da kamar mutum 300. Ƙidayar 2006 ta ba Sabon Birni kaɗai mutum sama da 200,000, kuma mazaɓu 11 gare ta, Unguwar Lalle na ɗaya daga ciki; rabon kowace mazaɓa bai cika 30 ba ke nan. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 ya ƙiyasta cewa kimanin 15 cikin 100 na mutanen duniya na da wata nakasa. A bar wannan, a ɗauki 2 kawai cikin 100, masu tsananin rauni: mutum 4,000 ke nan a Sabon Birni, suna duban gurbi 300. Inda gurbi ya yi ƙaranci haka, ba nakasa ce ke zaɓen mutum ba, sanayya ce. A wajenmu ta hannun kansiloli da shugabannin ƙungiyoyi sunaye suka bi, kuma ban ce duk azzalumai ne ba; wanda aka ba gurasa ɗaya ya raba wa mutum goma sha uku dole ya ɓata wa goma sha biyu. Amma wa zai fara tunawa? Wanda yake gani kullum a bakin sakatariya, wanda ke da ɗa a jam'iyya, wanda ke da bakin magana. Kurman da bai ji sanarwa ba, macen da ke ƙunshe a ɗaki da yoyon fitsari, mai taɓin hankalin da danginsa suka ɗaure da mari don kunya, waɗannan ko a layi ba a gan su ba, balle a ce an hana su.

Sau biyu Kawu ya kai sunansa. A na biyun wani jami'i ya gaya masa, cikin ladabi kuwa, cewa gurbi ya cika, sai in wani ya rasu. Kawu ya dawo gida ya ce da mahaifiyata shi ba zai zauna yana jiran mutuwar ɗan'uwansa kuturu ba, bai kuma sake komawa ba. Waɗanda suka samu ɗin ma, kuɗin ya tsaya cik shekara da shekaru kaya na tashi, aka kuma yi ta kukan yankewar biya. Gwamna Ahmed Aliyu, wanda ya hau a 2023, ya ɗaga shi zuwa naira 10,000. Amma mafi ƙarancin albashi ya kai naira 70,000 a 2024; alawus ɗin da ya fara kusan kafaɗa da kafaɗa da albashin ƙaramin ma'aikaci ya koma kashi ɗaya cikin bakwai nasa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha na nata ƙoƙari ta hannun kwamitocin gundumomi, kuma ita ce mafi kama da tsohon tsarin da ya san mutum da fuska, sai dai zakka daga gona take fitowa, gonakinmu kuwa za mu zo kansu.

A Abuja, haƙƙi ya ci gaba da girma. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2010. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci, wadda ta tanadi tara ko ɗauri ga mai wulaƙanta su, ta ware musu aƙalla 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keke zai iya shiga. A 2020 aka kafa hukumar nakasassu ta ƙasa. Doka ce mai kyau, na karanta ta, na kuma fassara wa Kawu abin da na iya. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni abu ɗaya: ta yaya za su san shi? Amsar tana cikin dokar: da takardar shaidar nakasa, wadda ke bi ta hannun likita da hukumar. Mutumin da duk wanda ya dube shi sau ɗaya ya san lalurarsa, sai ya nemo likita ya rubuta cewa ba shi da yatsu, a yankin da samun likitan da zai duba mai naƙuda ma sai an yi tafiya.

Tallafin Gwamnatin Tarayya ya fara da hikima. Daga 2016, da aka soma haɗa rajistar talakawa ta ƙasa, ma'aikata kan tara mutanen gari su ce su faɗi da bakinsu waɗanne gidaje ne suka fi talauci, sannan a riƙa ba gida naira 5,000 a wata. Shaidar mutanen gari ta dawo ke nan bayan dogon lokaci. Amma da aka sanar da sabon tallafi na naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15 a 2023, sai zargin almundahana ya taso, aka dakatar da shirin a Janairun 2024, da aka dawo da shi kuma aka ɗaure shi da lambar NIN ko BVN da asusun da kuɗi zai faɗa. Ban ga laifin gwamnati ba don ta so toshe ɓaraka; kuɗin talakawa ne, kuma an ci su. Abin da ke ci mini rai shi ne wanda ya biya kuɗin gyaran. Masu biro ne suka yi satar a ofis, amma Kawu aka ce ya kawo yatsu goma, da layin waya mai rajista da sunansa, da asusu, da kuɗin motar zuwa inda ake yin su. Daga baya na ji cewa a ƙa'ida akwai yadda ake yi wa wanda ya rasa yatsu rajista. Yaron shagon bai sani ba, kuma ba na jin an taɓa koya masa. A ƙauye kuwa abin da yaron shago ya sani shi ne doka.

Duk wannan da a ce zaman lafiya ake. A ƙarshen watan Mayun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum sama da 70 a rana guda a ƙauyukan Sabon Birni, cikinsu har da Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, mu da Isa a ciki, domin a toshe wa maharan hanyar magana. Mutane suka koma neman sabis ɗin Nijar a kan tudu. A Disambar wannan shekara aka ƙone matafiya da ransu cikin mota a wajen Gidan Bawa. A farkon 2023 canjin kuɗi ya zo, masu POS suka rasa takardar naira, mai kuɗi a asusu ya kwana da yunwa. A dubi tsarin da aka gina a kan waya da banki da hanya, a kuma dubi ƙasar da aka ce ya yi aiki a cikinta. "Ku gwada Sakkwato" magana ce mai sauƙi a baki. A kan hanyar nan ta Sakkwato aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a Yulin 2024, aka kashe shi a watan Agusta. Idan mai rawani bai tsira ba, da wane ƙarfin hali zan ɗora tsoho ɗan shekara saba'in da ɗoriya a mota don neman lamba?

Rikicin kuma na ƙera sababbin nakasassu fiye da yadda kowace rajista za ta iya rubutawa: waɗanda harsashi ya raba da ƙafa, waɗanda suka dawo daga daji da hankalin da bai dawo tare da su ba. Tsofaffin kuma ya fi kowa cin su. Akwai wata yarinya a unguwarmu da shan-inna ya shanye wa ƙafafu. Duk daren da aka ji ƙarar babura, uwarta ke goya ta, budurwa ce fa, ta bar ƙannenta su bi jama'a. Gonakin nesa sun gagara, don haka zakkar da ta rage ta ragu. A garuruwa da dama maharan sun aza wa mutane haraji kafin a yi noma ko girbi, kuma gida-gida ake tarawa. Kawu ya sayar da akuya ya biya nasa kaso. Ya ce da ni, "Bature ya yafe min, En'e ta yafe min. Waɗanga ba su san kuturu ba."

Akwai rana guda da na'urar gwamnati ta gane Kawu ba tare da gardama ba. A zaɓen 2023 na'urar tantance masu jefa ƙuri'a na duba yatsa, idan ya ƙi sai ta duba fuska. Aka ɗaga ta saitin fuskarsa, ta amince nan take. Ya tsoma guntun babban yatsan nan na hagu a tawada ya dangwala. Da yamma wakilan jam'iyyu biyu suka biyo ta ƙofar gida suna yi masa sannu da ƙoƙari.

Bayan rasuwar Sarkin Gatawa gidanmu ya rabu. Mahaifiyata da yara suka koma cikin Sabon Birni wajen dangi, Kawu kuma ya bi 'yarsa da mijinta suka tsallaka iyaka zuwa yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi, inda dubban mutanenmu suka fake tun daga 2019, a ƙasar da kakanninsu suka nufa bayan Gawakuke. Da na kai masa ziyara da kaka, na same shi a rumfar zana yana tsaron shanyar wake, ya rame amma bakinsa na nan. Ya ce ma'aikatan hukumar 'yan gudun hijira sun zo rajista. Da aka zo kan yatsu matar ta dubi hannunsa, ta rubuta wani abu, ta ce ya leƙa cikin wata na'ura mai kama da tabarau, ta ɗauki hoton ƙwayar idonsa, shi ke nan. Ya sa ni na ciro takardar daga jakar fatar da yake ratayawa a wuya, domin shi ba ya iya zare ta. Ga sunansa, ga sunan ubansa, ga shekarunsa na ƙiyasi, ga hotonsa yana harara. A gurbin garin asali an rubuta Unguwar Lalle da rubutun Faransanci. Na karanta masa sau biyu, sannan na ninke ta na mayar cikin jakar, na ɗaure masa bakinta.